Yaya ake shirya sabon doki domin Hawan Daushe?

Tambaya: Malamai, na sayi doki ɗan shekara 4 a Kano, yana firgita da ƙarar bindiga da kakaki, kuma ina son hawansa a Hawan Daushe. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko: Alhaji, ka riƙa fita da shi kilisa kowace yamma tare da tsohon doki wanda ya saba da taro, kana matsowa da shi kusa da makaɗa sannu a hankali, har ƙarar ta daina damunsa.

Amsa ta biyu: Mahayin ma yana buƙatar horo, domin yawan fizgar linzami yana lalata bakin doki, sai ya ƙi tsayawa lokacin jahi, wato sukuwar gaisuwa a gaban sarki.

Amsa ta uku: Ni dai a ganina, bana ka bar shi a barga.