Wa ya taɓa samun hoton jirgin ƙasa bisa sabuwar gadar Marina ta Legas? Ku ba mu labari

Mai Albasa Ɗan Goronyo:
Assalamu alaikum Sakkwatawa na gida da na waje. Satin da ya wuce na kai lodin albasa kasuwar Mile 12 a Legas, da munka gama sauke kaya sai yaron maigidana yace in raka shi Idumota, daga can munka gangaro Marina da ƙafa, ina cikin tahiya sai na ji wata ƙara daga sama, ba irin ta tirela ba, kamar iska na bi cikin bututu, ina ɗaga kai sai ga jirgin ƙasa shuɗi bisa gada, ita kuma gadar ƙafafunta cikin ruwa suke tsaye. Wallahi sandarewa na yi. Kafin in zaro waya daga aljihu ya shige. Na tsaya jiran na biyu har ƙafa ta gaji, da ya zo hannuna na rawa, wutsiyarshi kawai na samu sai rabin wata motar danfo. Ɗana na aji huɗu na firamare kuma bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafi, na yi mashi alkawarin hoton da ni na ɗauka da hannuna. Don Allah wanda ya taɓa samu ya hwaɗa min inda ya tsaya.

Ɗan Arkilla a Ikko:
Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da hanya. Wancan shi ne Blue Line, daga Marina yake tashi ya tsaya National Theatre, Iganmu, Alaba sannan Mile 2, kilomita 13 ne duka. Tun zamanin Fashola aka fara aikin, mu da ke nan har mun fidda rai, sai 4 ga Satumba 2023 ya fara ɗaukar fasinja. Kuskuren da ka yi shi ne tsayawa gindin gada, nan ba abin da za ka samu sai siminti da bayan jirgi. Ni inda na samu nawa cikin kwale-kwalen inji ne, irin wanda ke ɗaukar mutane daga tashar jiragen ruwa ta CMS da ke Marina zuwa Apapa, da la'asar sakaliya. Lokacin rana ta koma ɓangaren Apapa, wato tana bayanka in kana kan ruwa kana kallon Marina, hasken sai ya faɗa jikin jirgin sosai ga dogayen benaye a bayanshi. In kuma a tudu kake to da safe za ka zo, da yamma rana cikin idonka take, hoton baƙi ƙirin zai fito. Sau uku na biya kuɗin kwale-kwale kafin Allah ya haɗa ni da shi daidai tsakiyar gada, kuma ka riƙe wayarka da hannu biyu don igiyar ruwa na jijjiga mutum.

Mai Hoto na Mabera:
Baba Alhaji ka daina jira sai ka ganshi sannan ka nemi waya. Ka buɗe kyamara tun da wuri ka saita ta kan wani ginshiƙi guda na gadar, kar ka bi jirgin da hannu, ka bari shi ya shigo cikin hoton da kanshi. Kuma kar ka yi zum, zum ɗin ƙananan wayoyi shi ke sa hoto ya yi dishi-dishi. Abin da yafi sauƙi ma ka sa bidiyo, da ka ji ƙarar ka danna, in ya wuce ka koma ka tsayar daidai inda kake so ka yi sikirinshot. Ni sana'ata ce hoton biki amma ranar da na je can na kusa awa biyu ina jira da babbar kyamara, iskar teku ta shafa min wani danshi mai gishiri a gilashi ban lura ba, sai da na koma masauki na ga duk hotunan kamar an ɗauke su cikin hazon hunturu. Raina ya ɓaci ƙwarai don washegari motarmu ta taso. Ka tafi da ƙyalle mai laushi ka riƙa goge idon kyamarar, ko gefen rawaninka ma ya isa.

Tsohon Malamin Makaranta, Ƙofar Marke:
Yaran nan kun tuna mani da nisa. Mu jirgin da munka sani shi na na Ƙauran Namoda, can layin dogo ya ƙare, daga Zariya ya biyo Funtuwa da Gusau, tun 1929 ya isa can kuma bai ƙara gaba ba har yau. Lokacin duk jiha ɗaya muke, sai 1996 anka fidda Zamfara. Mahaifina na fataucin ƙiraga da fatu, shi ya tahi da ni ina ɗan shekara tara ko goma, munka kwana tasha bisa buhunnan gyaɗa. Da asuba wani ma'aikaci yace in ɗora tahin hannu bisa ƙarhen dogo, sanyi ƙalau, can sai na ji shi yana motsi ƙasa-ƙasa kamar mai rai alhali ko hayaƙin jirgin ba a hango ba, sai ya janye ni baya da ƙarhi. Babu mai kyamara cikinmu, mai hoto sai birni, amma har gobe ina jin motsin nan a hannuna. Alhaji in Allah ya ba ka iko, bayan hoton ka kai yaron ya gani da idonai.

Mai Albasa Ɗan Goronyo:
Allah shi ƙara lahiya Malam, in sha Allahu hutun ƙarshen shekara.

Hajiya Maman Biyu:
Ni ban je Legas ba amma na ga irinshi a Mina shekarar da na sauke farali. Shi ma bisa gada yake tafiya, yana jigilar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, mu motoci aka ba mu don haka daga ƙasa na ganshi. Ranar jifa muna tafe cikin zafin nan ƙafafu sun kumbura, sai ga shi ya bi ta samanmu shiru-shiru cike da mutane farare fat da harami, wata tsohuwa 'yar Gwadabawa da muke tanti ɗaya ta kama hannuna tana ta salati, tace Hajiya ɗaukar min in kai ma jikoki. Na ɗauka ya fi goma, guda ɗaya ne ya yi kyau, shi ma kan wani Bature ko Baturke ya shigo ta gefe. Ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, 'yarta ta kira ni tace hoton na nan sun wanke shi sun sa a firem.

Ɗan Arkilla a Ikko:
Allah ya jiƙanta Hajiya. Alhaji na manta abu mafi muhimmanci, wannan jirgin da lantarki yake tafiya kuma wutar ba a sama take ba, wani ƙarfe ne na uku shimfiɗe gefen layin. Duk son hoto kar ka tsallaka shinge, kar ka bari yaro ya matsa, ba irin dogon Ƙaura ba ne da Malam ya taɓa da hannu. In kana son shiga ka nemi katin Cowry, wanda ake biyan kuɗin shiga da shi, a tasha a sa maka kuɗi, ka zauna ta taga, lokacin da zai hau kan ruwa ka manna wayar jikin gilashi sosai don kar inuwarka ta fito.

Ɗalibar Danfodiyo:
Kawu ni nawa a Abuja ne, na je hutu wurin yayata ta kai ni Idu inda jirgin Kaduna ke tashi zuwa Rigasa, wanda aka buɗe 2016. Ina tsaye ina ɗaukar kan jirgin sai wani mai tsaro ya zo yace me nake yi, ya karɓi wayar ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, gabana sai faɗuwa yake. Da farko na ji haushi amma da yayata ta tuna min harin da aka kai ma jirgin nan a watan Maris 2022 wajen Katari, aka kashe mutane aka kwashe wasu daji wata da watanni, sai na ga ba laifinshi ba ne. Ya maida min wayar yace gaba in fara tambaya. Tun daga nan ko ina na je sai na yi sallama na ce daga Sakkwato nake, ba mu da jirgi, hoto nake so in kai gida, kuma har yau ba wanda ya hana ni, wani ma da kanshi ya nuna min inda zan tsaya.

Direban Illela:
Abin da ke min ciwo kenan wallahi. Na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa ta Katsina da Jibiya zai bi ya shiga Nijar, mu da ke da iyaka da Ƙonni ga albasa ga shanu ga siminti muna nan bisa titi kwana biyu kwana uku kafin mu kai kudu, albasa na ruɓewa cikin buhu. Duk sanda na bi ta gadar Kwalkwalawa sai in riƙa ƙiyasta yadda jirgi zai yi kyau yana ƙetare Rima da hantsi. Alhaji in ka samu hoton ka turo min nima in sa a fuskar waya.

Mai Albasa Ɗan Goronyo:
Jama'a na gode, Allah shi saka da alheri. Jiya na sake kai kaya kuma na bi shawararku, na shiga kwale-kwalen CMS bayan la'asar, na goge kyamara da bakin riga, na sa bidiyo tun muna barin gaɓa. Zuwa bai zo ba. Na biya na dawowa, muna tsakiyar ruwa sai wani Bayarabe da ke kusa da ni ya dafa kafaɗata yana nuna min da hannu, ga shi nan tahe daga wajen National Theatre, rana ta haske shi tun daga kai har wutsiya. Na tura ma uwar yaron ta WhatsApp tun ban sauka ba. Da dare ya kira ni, yace Baba na ƙirga tagogin, kuma ina direban yake zama, sannan in ruwa ya cika ya zai yi. Na ce mashi ya rubuta tambayoyin duka a bayan littahinai, in munka zo tare sai ya tambayi masu jirgin da bakinai.