Ƙwarƙwata a ajin CI, ina mafita?

Uwar 'yan biyu, Garin Malam:
Salama alaikum 'yan uwa. Ɗiyata ta shiga CI, wato ajin farko na firamare, a watan Oktoba. Da farko kuka take yi kullum safe, yanzu har tana rubuta sunanta a kan allo. To tun shigowar hunturu sai susar kai. Jiya na tsefe mata kitso, ƙwarƙwata da ƙwai bayan kunne! Maƙwabciyata ta ce in zuba kananzir. In zuba?

Malamar lakwal, Zango:
Wa alaikum salam. Kar ki kuskura, Hajiya, kananzir na ƙona fata, ga hatsarin wuta. Ki sayo magani a farmasi, ki maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, lokacin ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ƙwarƙwata ba ta tashi, ba ta tsalle, kai da kai take bi. Ni da nake zaunar da yara huɗu a tebur ɗaya, ga aron kallabi, duk shekara sai na gani. Ba ƙazanta ba ce.

Kaka daga Birni:
'Yata, man shanu da mataji mai ƙananan haƙora, ki zauna a rana ki bi sili-sili. Ki duba kan ɗan uwanta ma.

Uwar 'yan biyu:
Na gode. Shi kam yau wanzami zai yi masa ƙwal.