In tsaya sakataren jam'iyyar PRP a mazaɓarmu ko in kama ɗinkina?

Tela_Gwale: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Ni tela ne, mahaifina ɗan PRP ne tun 1979, har yau hoton Malam Aminu Kano na rataye a zaurenmu. Dattawan mazaɓa sun same ni wai in tsaya sakatare, to amma kan 'yan jam'iyyar ya rabu biyu, kullum cacar baki ake a Facebook kan wanda ya kamata ya ja ragama, wasu na cewa a buɗe ƙofa ga manyan da suka rasa tikiti a wasu jam'iyyu tunda su ke da kuɗi, wasu na cewa a tsaya kan aƙida ko za a shekara ba a ci zaɓe ba. Wanda ya taɓa riƙe muƙami a mazaɓa, nawa yake ci daga aljihu a wata, kuma zai hana ni zaman shago?

Abba_Dorayi: Kai dai ka sa jar hula ka huta, ai Kwankwasiyya ce ta gaji Malam yanzu.

Baba Ɗan Sawaba: Yaro wannan rabuwar ba yau aka fara ba. Mu muka ga Santsi da Taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta rabu, da idonmu. Gwamnonin PRP, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, suka riƙa zama da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP, ɓangaren Malam ya ce ba da yawunsa ba, gida ya tsage. Aka tsige Balarabe a 1981 bai ko samu an amince masa da kwamishinoni ba, Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya ci Kano a 1983, shekarar da Malam ya rasu. Amma wa ya soke haraji da jangali? Gwamnatin PRP. Ka tsaya.

Ummu_Khalil: Baba da girmanka, amma bari in faɗi abin da ya samu maigidana. Ba PRP ba ce, wata ƙaramar jam'iyya ce, su ma talaka talaka suke ta faɗa. Shekara uku yana ciyaman na mazaɓa, shi ke biyan hayar ofis, shi ke hayar kujeru da rumfa, ko ruwan leda za a sha a taro daga gidanmu kuɗin ke fita, har keken ɗinkina muka sayar aka buga fasta. Ana saura kwanaki kaɗan a miƙa sunaye sai ga wani Alhaji da aka kayar a fidda gwani can inda yake, dare ɗaya aka ba shi tikiti, aka ce wa maigidana ya yi haƙuri ya janye. Alhajin ya faɗi zaɓe ya koma gidansa na da, mu aka bari da bashi. Har yau in na wuce ofishin nan sai na kau da kai wallahi.

Tela_Gwale: Subhanallah, Allah ya mayar da alheri Hajiya. Kamar nawa yake kashewa a wata?

Ummu_Khalil: Ba ya gaza dubu hamsin, watan taro ya fi haka.

Musbahu K/Mata: Haba Hajiya, ni na yi sakatare shekara biyu, kati da kuɗin mota ne kawai, ko dubu goma ban taɓa kashewa ba. Ciyaman daban sakatare daban.

Ummu_Khalil: To kai ofis gare ku ko a gindin bishiya kuke taro?

Ɗan Kuka: Tunda tambarin PRP mabuɗi ne, tela ya ara mana ko ya buɗe store ɗin shinkafa 😂 PRP Nasara!

Comr. Nazifi: Abin da Hajiya ta faɗa shi ne ainihin rigimar. A 2023 Kola Abiola ya yi wa PRP takarar shugaban ƙasa, Salihu Tanko Yakasai ya yi ta gwamna a Kano, an yi ta hayaniya a soshiyal midiya, ranar zaɓe akwatuna da yawa ko ejan babu. Tun da Balarabe ya miƙa wa Falalu Bello shugabanci a 2018 tambayar ɗaya ce, gina mazaɓa za a yi ko jiran baƙi. Irin su tela ake buƙata.

Baba Ɗan Sawaba: Ku da kuka san Malam a littafi. Ka taɓa kwana a sel saboda jam'iyya?

Comr. Nazifi: Ban taɓa ba Baba, amma ni nake tsayawa a akwati har a gama ƙirga, ku kuna gida kuna jin rediyo.

Musbahu K/Mata: Duk ku bar wannan, ko ka gina mazaɓar ina amfanin? Zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2024 fom ɗin kansila naira miliyan 5 aka sa, na ciyaman miliyan 10. Wane tela ne zai biya?

Abba_Dorayi: Miliyan 4 ne, an rage.

Musbahu K/Mata: To miliyan 4 ɗin kana da ita? Kuma duka ƙananan hukumomi 44 jam'iyyar gwamnati ta kwashe, haka ake yi kusan kowace jiha, wanda ke kan mulki shi ke cinyewa.

Ummu_Khalil: Mu kansilanmu tun da aka rantsar da shi ba mu ƙara ganinsa ba, kwatar layinmu ta cika har ruwa na shiga gidaje.

Tela_Gwale: Jama'a maganar zaman shagon fa? Sallah na matsowa, ɗinki ya taru.

Ɗan Kuka: Tela in ka ci sakatare dai kar ka riƙe min shaddata.