Na sa DNS a resolv.conf, na kashe kwamfuta na kunna ya ɓace

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ubuntu nake amfani da shi, ina so kwamfutata ta riƙa tambayar 1.1.1.1 na Cloudflare maimakon DNS (sabar da ke fassara sunayen shafuka zuwa adireshin IP) ɗin da rawuta ke ba ta. Na rubuta shi a /etc/resolv.conf, ya yi aiki lafiya lau, amma da na kashe na kunna sai na tarar da 127.0.0.53 ya dawo ya zauna daram. Wanda ya taɓa fama da wannan don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fayil ɗin nan yana da mai shi, kai baƙo ne a cikinsa. Buga `ls -l /etc/resolv.conf` za ka ga kibiya tana nuni zuwa /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf. Duk abin da ke cikin /run ana sake gina shi ne a kowane kunnawa, rubutu a can kamar zane ne a kan ruwa. Shi kuwa 127.0.0.53 adireshin systemd-resolved ne a cikin kwamfutarka, shi ke karɓar tambayoyin ya miƙa su gaba. Ni a laftof ɗina NetworkManager ne ke riƙe da Wi-Fi, sai na gyara a wurinsa:

`nmcli con mod "sunan-haɗin" ipv4.dns "1.1.1.1 9.9.9.9" ipv4.ignore-auto-dns yes`

Sannan `nmcli con up "sunan-haɗin"`. Wancan ɓangaren na `ipv4.ignore-auto-dns yes` shi mutane ke tsallakewa, sai DHCP (tsarin da rawuta ke raba adireshi da shi) ya ci gaba da cusa nasa DNS ɗin. Kuma saitin na haɗi ɗaya ne kawai, in ka hau wani Wi-Fi sai ka sake.

Mai kula da saba: A sabobinmu babu NetworkManager, Netplan, manhajar saita haɗin sadarwa, muke amfani da shi tun Ubuntu 18.04. A fayil ɗin da ke /etc/netplan muke sa `nameservers` da adireshoshin, mu ƙara `use-dns: false` ƙarƙashin `dhcp4-overrides`. In daga nesa kake aiki, `netplan try` ya fi `netplan apply` kwanciyar hankali, don in ka yanke wa kanka hanya zai mayar da tsohon saiti da kansa bayan daƙiƙa 120.

Gajeren haƙuri: Ni dai goge mahaɗin /etc/resolv.conf ɗin (mai kibiyar nan) na yi, na rubuta fayil na gaske a wurinsa, na kulle shi da `chattr +i` don kada wani abu ya canza shi. Shiru kake ji.

'Yar manhaja: Malam, wannan kullen ya taɓa ba ni wuya a wata kwamfuta da na gada a wurin aiki. VPN ya haɗu, amma sunayen sabobin cikin wurin aikin sun ƙi buɗuwa, saboda ya kasa rubuta nasa DNS ɗin a fayil da aka kulle. Sai da `lsattr` ya nuna min harafin i na gane abin da ake ciki. Ga masu WSL (Linux da ke gudana a cikin Windows) kuma, shi WSL ɗin ne ke sake rubuta fayil ɗin: a /etc/wsl.conf na sa `generateResolvConf = false` ƙarƙashin sashen network, na yi `wsl --shutdown`, sannan nawa ya zauna.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai. Na bi ta nmcli, na kashe na kunna, resolv.conf har yanzu 127.0.0.53 yake nunawa.

Tsohon hannu: Haka zai ci gaba da nunawa. Buga `resolvectl status` ka duba ƙarƙashin Wi-Fi ɗinka, a nan za ka ga ko 1.1.1.1 ya shiga.