Zan sayi hedifon na kirki karon farko, don Allah ku ba ni shawara

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun tasowata iyafis ɗin da ke zuwa cikin kwalin waya nake sawa, in ya mutu in sayi wani irinsa. Makon jiya na je wurin wani abokina, ya ɗora min hedifon ɗinsa a kai, ya kunna wata waƙa da na fi shekara biyar ina ji. Wallahi sai ka ce ban taɓa jin ta ba. Na ji mawaƙin yana jan numfashi kafin ya ɗauki baiti, na ji yatsa yana zamewa a kan tsirkiyar jita, ganga kuma tana can gefenta ba ta danne murya ba. Tun ranar nawa ya fita daga raina.

Na yi ɗan tari, ina so in saya sau ɗaya in huta. Amma da na shiga bincike sai kaina ya ɗaure: wannan buɗaɗɗe, wancan rufaffe, wannan ohm 32, wancan 300. A waya nake jin waƙa, ita kuma ba ta da ramin jona iyafis. Yawanci da dare nake ji, ɗaki ɗaya muke kwana da ƙanena, kuma ina sa tabarau. Na fi son waƙar da murya ta fito fili. Wanne zan saya?

Wani mai aikin haɗa sauti:

Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar ɗaki ɗaya da ka yi ta riga ta yanke rabin hukunci. Buɗaɗɗen hedifon bayansa raga ce, iska na shiga tana fita, shi ya sa sautinsa ke da faɗi, kamar makaɗan na zaune gabanka. Amma ta wannan ragar sauti ke zubowa waje. Ƙanenka zai ji duk abin da kake ji, kai ma za ka ji juyinsa a kan katifa. Rufaffe kake buƙata.

Ba da son raina nake faɗin haka ba, don in batun murya ne, ni har yau ban ga wanda ya kwanta min a rai kamar Sennheiser HD 600 ba. Tun 1997 aka fito da shi kuma ana nan ana ƙera shi. Sai dai buɗaɗɗe ne, kuma ohm 300 ne. Lambar ohm tana nuna yadda hedifon ke turjiya ga lantarki. In ta yi yawa, galibi sai an tura shi da ƙarfi, waya kaɗai kan gaza, ka ƙure ƙara amma sautin ya fito a sanyaye. Sai ka haɗa da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Bar shi sai gaba.

A rufaffu, duba AKG K371, ohm 32 ne, kuma an daidaita sautinsa kusa da ma'aunin da masu bincike na kamfanin Harman suka fitar bayan gwaji da masu sauraro. Murya tana zama daidai a cikinsa. Akwai Audio-Technica ATH-M50x, ohm 38, bes ɗinsa, wato kakkauran sauti, ya fi bugawa. Dukansu biyu ana cire igiyarsu, kuma kada ka raina wannan, don yawancin hedifon ta igiya suke fara mutuwa. Sony MDR-7506 tun 1991 yake a situdiyo, yana da juriya, amma igiyarsa nannaɗaɗɗiya ce mai nauyi kuma ba ta cirewa, siririn sautinsa kuma yana da kaifi, ba kowa ke jure shi da dare ba.

Rashin rami a waya ba matsala ba ce. Nemi ɗan adafta daga USB-C zuwa ramin milimita 3.5, wanda ke da na'urar juya sauti a cikinsa. Ya isa ya tura duk rufaffun da na lissafa.

Wata 'yar uwa:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma kada a rufe masa ƙofar Bluetooth. Ni da shi nake ji kullum, kuma rashin igiya hutu ne, musamman ga mai ji a kwance. Abin da za ka sani shi ne ana matse waƙa kafin a aika ta ta iska. iPhone da tsarin matsi na AAC take aikawa, Android kuma tun sigar 8 tana iya LDAC na Sony, wanda ke kaiwa kilobit 990 a daƙiƙa, in hedifon ɗin ma ya san shi. Gaskiya a kunnena bambancin kaɗan ne.

Inda zan ja maka kunne shi ne batir. Nawa na farko shekara uku ya yi, komai nasa lafiya lau, amma caji ya daina zama, na rasa mai canza min. Na igiya ba ruwansa da wannan. Masu kashe hayaniya kuma rugugin inji da na fanka suka fi kashewa, maganar mutane tana ratsowa. Kai da kake ji cikin shirun dare, kuɗin da za ka biya don wannan gara ya tafi kan sauti.

Wani mai tabarau:

Ɗan uwa, ni ta tabarau zan yi magana don na sha wahalarsa. Hannun tabarau yana ɗaga soson kunne, ya bar 'yar kafa, ta nan bes ke tserewa. Ga shi in hedifon yana da matsi, sai ya danna ƙarfen a gefen kanka, bayan rabin sa'a ciwon kai ya taso. Duk wanda za ka gwada, gwada shi da tabarau a fuska, ka bar shi a kai minti ashirin ko talatin. Minti biyu ba ya nuna komai. Ni na ƙare a kan Beyerdynamic DT 770 Pro mai ohm 80 saboda sosonsa yadi ne mai laushi kamar karan-miski, ba ya sa gumi. Amma ka lura, kala uku ne: 32, 80 da 250. Kuma murya takan ɗan ja baya a cikinsa, bes da siririn sauti su fito gaba.

Wani memba:

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Da yawa suna rubuta zangon sauti Hz 20 zuwa 20,000, wato iyakar jin ɗan Adam, mai kyau da marar kyau duk haka suke rubutawa. Kuma shahararrun nan ana yin jabunsu, ka saya inda za su karɓa in ka mayar.

Wani dattijo:

Ɗana, ni da kunnenka na damu. Shekaru na yi ina ƙure ƙara, yanzu in dare ya yi shiru akwai wani siririn ƙugi da ba ya barin kunnena na hagu, kuma likita ya ce sai dai in saba da shi. Hedifon mai kyau sautinsa ba ya ɓaci in an ƙara shi, don haka ba za ka ankara ka wuce gona da iri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce ƙarar desibel 80 na sa'a 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Tsaya a kashi 60 cikin ɗari na ƙarar waya ko ƙasa da haka, kuma kada barci ya ɗauke ka da shi a kai.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, Allah ya ba ka lafiya, yanzu na shiga saitin waya na sa iyakar ƙara. Na tsaya tsakanin K371 da M50x. Yaya, in na samu damar gwadawa, me zan saurara?

Mai aikin haɗa sauti:

Tafi da wayarka da adaftarka da waccan waƙar da ka ji wurin abokinka, ka ƙara biyu da ka haddace. Daidaita ƙarar su biyun ta zo ɗaya, don wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke zaɓa. Saurari harafin "s" a bakin mawaƙi, in yana sukar kunne, ajiye. Sannan ka cire tabarau ka mayar ana cikin waƙa, ka ji nawa bes ya ragu. Wanda bai canza sosai ba, shi ya zauna a kanka.