Me ya sa littafin wasa da aka saya a wani shafi ba ya buɗuwa a wani?

Sabon Jagora:

Assalamu alaikum. Ina jagorantar wani ƙaramin rukuni da ke wasan labari na kan tebur ta intanet, irin wanda kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi guda, a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin domin a san ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Na sayi littafin dokoki a wani shafi, daga baya abokan wasana suka nemi mu koma wani teburin intanet, wato manhajar da ake haɗuwa a yi wasan a cikinta, saboda taswirorinsa sun fi kyau, sai na tarar cewa ba littafin da zai bi ni can, ba kuma takardun jaruman da muka shafe watanni muna ginawa, dole sai an sake saye kuma an sake shigar da komai da hannu. Da yake da dala ake biya, abin ba ƙarami ba ne. Tambayata ita ce, tun da ana cewa dokokin Dungeons & Dragons a buɗe suke ga kowa, mene ne ya hana bayanan su tashi daga wannan manhaja zuwa waccan?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ne suka cakuɗe a tambayarka, kuma yawancin mutane haka suke cakuɗa su. Abin da aka buɗe wani yanki ne na rubutun dokokin, ba littattafan gaba ɗaya ba. A shekarar 2000 kamfanin Wizards of the Coast, mawallafin wasan, wanda kamfanin Hasbro ya saya a 1999, ya fito da lasisin OGL tare da wani kundi da ake kira SRD, wanda ya ƙunshi ƙashin bayan wasan, aka ce kowa na iya gina nasa littafin a kai ba tare da biyan ko sisi ba. A kan wannan lasisin ne kamfanin Paizo ya kafa wasan Pathfinder a 2009, bayan bugu na huɗu na wasan Wizards na 2008 ya zo da wani lasisi mai tsauri, har ya zama babban kishiyar wasan da ya haife shi.

Sai dai kundin SRD na bugu na biyar taƙaitacce ne da gangan. A kowane aji na jarumai, kamar mayaƙi ko matsafi, reshe ɗaya kawai aka saka, kuma shahararrun dodanni irin su beholder ba sa ciki, domin kamfanin ya keɓe su a matsayin tambarinsa. Duk teburin intanet da yake son cikakken littafi sai ya ƙulla yarjejeniya da mawallafin, ya ɗauki ma'aikata su mayar da kowane shafi tsarin da manhajarsa ke ganewa, sannan ya sayar. Shi ya sa abin da mutum ke saya a teburan Roll20 ko Fantasy Grounds ko shafin littattafai da takardun jarumai na D&D Beyond izinin amfani ne a cikin gidan da ya saya, ba kaya ne da zai ɗaure ya tafi da shi ba.

Ya kamata ka san abin da ya faru a Janairun 2023. Wani daftarin sabon lasisi ya fita fili, yana neman soke tsohon tare da karɓar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shigar da ya haura dala 750,000 a shekara daga masu wallafa a kan lasisin. Daftarin da ya biyo baya ya zo da ƙa'idar teburan intanet wadda ta ba da misalin cewa nuna sihiri da hoto mai motsi ya wuce gona da iri, alhali kamfanin da kansa yana gina nasa teburin a lokacin. Jama'a suka yi ta soke rajistarsu ta biyan kuɗi a shafin kamfanin, kuma ranar 27 ga watan kamfanin ya janye, ya saka SRD 5.1 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke buɗe rubutu ga kowa kuma ba a iya ƙwace shi.

Mai Rubuta Manhaja:

Bayanin Tsohon Hannu daidai ne, amma ina ganin an cika ɗora nauyi a kan lasisi, alhali matsalar Malam ba ta lasisi ba ce. Ko da an buɗe rubutun littafi daga bango zuwa bango, rubutu ne kawai, mutum ke karanta shi. Manhaja tana buƙatar a gaya mata a tsare cewa wannan takobi yana jefa ɗan ludo mai fuska takwas, a ƙara masa lambar ƙarfin jarumi, kuma kowane kamfani da irin tsarin da yake ajiye wannan bayani. Babu wani ma'auni guda da duka suka amince da shi.

Hasbro ya sayi D&D Beyond a 2022 a kan dala miliyan 146.3, kuma shafin bai samar da wata ƙofa ta hukuma da aka wallafa ƙa'idojinta domin wasu manhajoji su karɓi takardun jarumai ba. Abin da ya cike giɓin shi ne aikin masu sa kai, kamar Beyond20, ƙaramar manhajar da ake liƙa wa burauza: ka danna sunan makaminka a takardarka, sakamakon jifar ya bayyana a teburin Roll20 ko na Foundry. Tana aiki sosai, amma zaman aro take yi, domin duk ranar da aka sauya fasalin shafin sai mai ita ya koma gyara.

A kwatanta da Pathfinder bugu na biyu. Dokokinsa na nan kyauta a shafin Archives of Nethys da amincewar Paizo, kuma masu sa kai sun shigar da su cikin Foundry, manhajar da ake saya sau ɗaya a kan dala 50, ta yadda mutum zai tarar da ajujuwa da sihirce-sihirce da dodanni a shirye. Abin da Paizo ke sayarwa shi ne labaran tafiye-tafiye da zane-zane da taswirori. A nan ne masu manhajoji ke gasa ta gaskiya, domin tun da bayanan ɗaya ne a hannun kowa, ingancin aiki ne kaɗai zai riƙe ɗan wasa.

Malama Mai Taswira:

Ina da ɗan ja da kai, ɗan'uwa. Paizo ya buɗe dokokinsa ne a matsayin na biyu a kasuwa, wanda ribarsa ke cikin jawo sababbin mutane, kuma ba lallai ne dabarar mai neman shiga ta dace da wanda ya riga ya cika kasuwar ba. Mayar da littafi mai ɗaruruwan shafuka tsarin manhaja aiki ne da ake biyan mutane albashi a kansa, saboda haka ban ɗauki biya na biyu zalunci tsantsa ba, ko da yake ina ganin rangwame ga wanda ya riga ya saya shi ne adalci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu gasar ke raguwa. Roll20 ya haɗe da kamfanin da ke da shagon littattafan wasa na DriveThruRPG a 2022, sannan ya sayi shafin takardun jarumai na Demiplane a 2024. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2024 ɗin ne Wizards ya fara sayar da littattafansa a hukumance a Foundry, kuma a Afrilun 2025 ya saki SRD 5.2 a ƙarƙashin Creative Commons, wanda ke nuna ƙofar ba a rufe take ruf ba.

Shawarata gare ka, Malam, kafin ku sake sayen komai, ku bar littafin inda yake, ku gwada haɗa shi da sabon teburin ta irin ƙaramar manhajar da aka ambata, kuma kowane ɗan wasa ya sauke kwafin takardar jaruminsa ya ajiye a na'urarsa.

Sabon Jagora:

Na gode muku ƙwarai. Za mu gwada haɗin a zamanmu na Asabar, kuma na riga na aika wa 'yan rukunin saƙo cewa kowa ya sauke takardarsa a daren yau.