Roƙon takardar shaida wurin malamai ta mel: yaya kuka yi?

Ƴar Bagalam: Assalamu alaikum manya da ƙanana. Ni dai ina haɗa dosiyen DES ne, wato karatun ƙwarewa na likitoci, fannin yara, Dakar nike hange in bai yi ba Kotonu. Abin da ya rage mini takardar shaida daga malamai. Na tura ma shef ɗin sarwis ɗin da na yi staj mel, shiru kake ji, kuma ina jin nauyin in sake turawa kar ya ce yarinyar nan ta cika naci. Waɗanda suka riga mu wucewa ta nan don Allah ku ba mu labari.

Likitan Dakoro: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shirun nan ba ƙi ba ne. Duba ranar mutumen nan, staf, wato taron likitocin sarwis, da sassafe, ya zagaya marasa lafiya, ya ga na waje, ya tahi fakilte ya ba da darasi, ga masu tez sun yi mishi layi bakin biro, yaushe ya zauna buɗa mel? Zuwa da kai ya fi aike. Ni daga Dakoro na shigo mota takanas, na tsaya har aka fito staf na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe na turo saƙo kwanaki, ya ciro waya ya ce sake turowa yanzu ina kallo. Nan tsaye ya karanta. Mel ɗin ya yi amfani hwa, don duk takarduna suna ciki, amma sai da ya ga fuskata ya tuna ko ni wane ne.

Na Ali Ɗan Sofo: Gaskiya ne yaya, amma mu ma sai mun gyara yadda muke rubutawa. Yanzu da nike taimaka ma wani malami da dosiyoyin ɗalibai ina ganin abin mamaki, mutum ya turo layi biyu ba suna cikakke ba shekarar da ya yi staj, adireshin mel ɗin ma laƙabin wasa ne na lokacin lise. A kan saƙon ki sa sunanki da abin da kike so da ranar da ake rufe karɓa. Ki buɗe da Cher Maître kamar yadda aka saba, sannan ki tuna mishi ke wace ce da abin da ba ya mantawa: watannin da kika yi a sarwis, wane ɗaki kika riƙe, ko yaron nan mai tamowa da kuka yi ta fama da shi lokacin damina da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje. Ki liƙa CV da sakamakon jarrabawa da sanarwar makarantar, duk a PDF, ba hoton waya da inuwar yatsa a gefe ba. Kuma ki ba shi kamar wata guda, kar ya zama saura kwana uku.

Hajiyar Matanite: Ki nemi majo ɗin sarwis, wato shugaban masu jinya, ko sakatariya, su suka san ranar da yake zama biro da ranar da ba a tunkararshi. Ni sakatariya ce ta buga mel ɗina a takarda ta sa cikin abin da zai sa ma hannu. Kuma kar ki yi mamaki in ya ce rubuto da kanki in duba. Haka nawa ya ce, na zauna na rasa ta ina zan fara yabon kaina, na rubuta abin da na yi kawai, haihuwa da tiyatar da na taimaka da kwanan gardi, shi ya ƙara nashi sakin layi da biro ja.

Ɗan Tibiri: Hajiya wannan ɗin ni bai kwanta mini ba, duk takardun sai su fito kama ɗaya, mai himma mai ladabi mai zuwa kan lokaci, wa zai bambanta ki da wani? Ni Amurka na nema, can ta ERAS ake bi, wato shafin intanet na neman gurbin ƙwarewar likita, mu na waje ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ke ba mu lambar shiga, kai kake fitar da takardar roƙo mai lamba ka tura ma malamin, shi ko wanda ya wakilta ya ɗora wasiƙar da kanshi, kuma yawanci ana sa hannu cewa an yafe ganinta. Huɗu ce iyakar da kake iya tura ma kowane shiri, a Satumba suke fara dubawa, sakamako sai Maris. Wahalar da na sha ita ce bayyana ma malamina cewa ba ni zai ba a ambulan ba, kuma da Turancin Ingilishi ake so.

Likitan Dakoro: To ai nan ba Amurka ba ce ɗan'uwa. A DES ɗinmu sunan wanda ya sa hannu yana da nauyi, farfesa ko agreje (muƙamin da ke ƙasa da farfesa) na CAMES, hukumar da ke ba malaman jami'a muƙami a ƙasashenmu, sau da yawa ya san mai kula da shirin can Dakar ko Abijan, wata ƙila tare suka yi konkur.

Ɗan Tibiri: Ban musa ba yaya. Amma farfesan da bai taɓa ganinka kana duba mara lafiya ba mi zai rubuta?

Na Ali Ɗan Sofo: Ku biyun duk kuna da gaskiya, shi ya sa ni na haɗa. Asistan ɗin da muka yi gardi tare ya rubuta, shef ya karanta ya gyara suka sa hannu su biyu. Ni na roƙi hakan a mel ɗin ƙarara kuma ba wanda ya ji haushi.

Ƴar Bagalam: Na gode sosai Allah ya bar zumunci. Litinin in sha Allah zan fara ta wurin majo. Tambaya ɗaya, in ya sa hannu, hoton takardar ya isa ko sai ta asali?

Hajiyar Matanite: Ki karanta sanarwar makarantar, kowa da nashi sharaɗi. Amma ki roƙi kofi biyu na asali a takarda mai kan asibiti ko na fakilte, da tambari da kwanan wata, ki kai siber a yi miki sikan mai kyau tun ranar, don in ya yi tafiya taro sai ki yi ta jira.